Bandon Siddo Mai Mashi

Shafi na 14

Masu cewa na kai Alfari Faransa na manta da shi a can, ku daina zagina a ƙasan shafi. Ga shi na dawo muku da shi Gaya, sai ku gyara zama.

Kamyon Doso, babbar motar kaya, ya sauke shi bakin kasuwa da hantsi, jaka ɗaya a hannu, manyeto a kafaɗa, wato akwatin nan na ɗaukar murya. Shekara bakwai rabonsa da garin. Ya tsaya yana kallon layin kamyoyin da ke jiran duwan, wato kwastan, kafin su tsallaka gada zuwa Malanbil, ƙamshin kyafaffen kifi ya bugi hancinsa, mata na ciniki da Dandanci, harshen garin, suna ƙarasawa da Hausa. Ashe ya yi kewar garin nan haka bai sani ba.

"Kai! Mai-kama-murya!"

Wata tsohuwa ce mai sayar da albasa. Ta tafa hannu tana dariya.

"Kai ne ko idona ne? Ka tuna ranar da ka kama waƙata a Bengu, ka sake ta a rediyo, mijina ya yi kwana ukku bai yi mini magana ba?"

Ya tuna mana. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun kanta ba, shi kuma yana saurayi, yana ɗaure manyeto a bayan keke ya bi ƙauyuka har Junju da Zabori. Duk inda ya sauka sai gari ya taru. Mutum ya yi magana, a mayar masa da ita, ya riƙe baki yana neman gudu. A wancan zamanin Alfari gani yake babu aikin da ya kai nasa a duniya.

Yanzu kuwa ranar Litinin zai shiga aji a Yamai. An buɗe sabuwar makaranta ta gaba da lise, wato sakandare, wadda ake cewa ita ce za ta zama jami'a, aka ce a nemo wanda ya san aikin jarida da hannunsa ya koya wa ɗalibai. Wa ya fi shi? Ya yi rediyo, ya yi kakakin wani buro, wato ofis, na sayen gyaɗa, ya je Faransa ya dawo da dipulom, takardar shaidar karatu. Har ya rubuta darasinsa na farko. Amma duk lokacin da ya kai layin da ya ce ɗan jarida mai riƙon maganar mutane ne, sai alƙalamin ya tsaya.

Shi ya sa ya zo. A cikin jakar nan akwai bando guda, zaren ɗaukar murya a naɗe cikin kwalinsa, kuma nauyinsa ya fi na jakar duka.

Ya tarar da Inna Kadija a tsakar gida tana juya tarwaɗa a kan wuta. Matar marigayi Siddo ce, aminin mahaifinsa, kuma a gidan nan Alfari ya ci rabin tuwon yarintarsa. Ta ɗago, ta kare ido da hannu.

"Wa nike gani?"

"Ni ne, Inna."

"Ni wa? Mu ba mu san mai takalmin Nasara ba a gidan ga."

Ya durƙusa. Ta kama kansa da hannu mai warin hayaƙi ta girgiza, tana faɗin fofo, fofo, sannun Dandanci, hawaye na bin kumatunta. Ta tsufa ƙwarai. Ta tura masa kujera, ta ɓare masa kifi mai zafi a kan faifai, ta tsaya a kansa sai ya ci.

"An ce ka zama mushe, malamin manya. Masu gemu za ka koya ma karatu."

"Haka aka ce, Inna."

"To mi ya hana ka dariya?"

Ya ajiye kifin. Ya buɗe jaka, ya fito da kwalin, ya ɗora a gwiwarsa. Tana ganinsa ta daina murmushi.

Don waɗanda suka shigo mana a tsakiya: Siddo shi ne mai mashin Bangubi, babban tafkin da kogi ke bari idan ruwa ya ja. Kowace shekara shi ke fara shiga, ya jefa mashi, sannan gari ya biyo da homa, ragar kamun kifi, a yi su. Kafin mashinsa ya taɓa ruwa, ko kwaɗo ba mai kamawa. Kuma mashin ba gadon ɗan fari ba ne, mai shi ne ke faɗin wanda zai karɓa. Mutum biyu ke sa rai, ƙanensa Idrisa da ɗansa Mumuni. Da Siddo ya ji jiki ya fara ƙi, sai ya kira Alfari ya ce ya kawo akwatinsa, don akwati ba shi da ɗan'uwa, ba ya jin kunyar kowa. Ya sa shi ya kunna, ya kore shi waje, ya yi maganarsa shi kaɗai. Sannan ya rantsar da shi: kada kunne ya ji, har nasa, sai bayan ransa, kuma sai a gaban su biyun.

Siddo ya rasu shekara shida ke nan. Tun daga ranar ba a shiga Bangubi ba.

"Ka kawo shi ke nan," in ji Kadija.

"Na kawo shi."

"Sai yanzu."

"Inna, akwai magana."

"Ina ji."

"Kin tuna ya hana ni rubuta sunansa a kan kwalin?"

"Yo ai shi Siddo bai yarda da takarda ba. Ya ce zamanin Nasara duk wanda sunanshi ya hau takarda, aikin tilas ya tahi."

"To sai na ɗaura masa zaren kaba, don in gane shi. Na sa shi cikin jakar aikina, ban yarda in bar shi ko'ina ba. Ina ganin nan ne ya fi tsira."

Ya juya kwalin a hannunsa.

"A wajen aikinmu, Inna, bando tsada gare shi, daga Faransa yake zuwa. Ƙa'ida ɗaya ce kowa ya sani: wanda ba rubutu a kwalinsa, fanko ne, a ɗauka a yi aiki. Ranar da za a buɗe wani sito na gyaɗa, ni ne kakaki, ni ne mai ɗaukar jawabi. Motar diraktar, shugaban buronmu, ta iso, bandon da ke kan manyeto ya ƙare. Na zura hannu a jaka, na jawo kwali, na duba ba rubutu..."

Kitsen kifi na ɗiga a wuta.

"Sai bayan kwana biyu na ga zaren kaban a gindin jaka. Ya kwance."

"In ka ɗora magana bisa magana, mi ke faruwa?"

"Sabuwar tana cinye tsohuwar."

"Duka?"

"Iyakar inda ta kai."

"Ina ta kai?"

"Ban sani ba. Na kunna farkon, na ji muryar diraktar, na kashe. Ban ƙara ba. Na riga na ci amana ɗaya, ban iya cin ta biyu in saurara ni kaɗai."

"Lokacin yana da rai?"

Nan ne Alfari ya sunkuyar da kai. Wannan ita ce tambayar da ya gudar wa har Faransa.

"Yana da rai, Inna. Ya ƙara wata biyar. Da na hau kamyo na zo na faɗa masa, da ya sake faɗa. Kunya ta hana ni. Kullum sai in ce sati mai zuwa."

Ya jira ta zage shi. Wallahi da ta ɗauki itacen wuta ta maka masa da ya fi jin daɗi. Amma ta koma ta zauna, ta daɗe tana kallon kwalin.

"Wa ya san ka zo da shi?"

"Ba kowa."

"To ka ji. Abin da ya goge ya goge. Ka bi ta bayan gida ka jefa shi cikin kogi, ka ce ya ɓace a jirgi. Ka koma ka yi aikinka. Kai yaro ne lokacin."

"Inna, shekara shida ba a yi su ba saboda ni."

"Na ce ka jefa shi."

Tausayinta ya kusa sa shi kuka. Har yau tana kare shi kamar lokacin da yake satar mata kifi a kan wuta. Bai kai ga amsawa ba aka banko ƙyauren kara.

Mumuni ne, ɗan Siddo da Kadija, abokin wasansa tun suna tsirara a bakin ruwa. Ya zama ƙato, kafaɗu kamar ƙofa, wando a naɗe har gwiwa. Tsohuwar albasa ta riga ta baza labari a kasuwa.

"Mushe Alfari."

"Mumuni."

"Wasiƙa tara na biya mai rubutu ya aika maka. Tara. Kowace ka ce yana ajiye, yana kulle, sai ka zo."

"Ga ni na zo."

Idon Mumuni ya sauka a kan kwalin. Muryarsa ta canza, ta koma ta yaron da Alfari ya sani.

"Shi ne wannan? Baba na ciki?"

Alfari ya mayar da kwalin cikin jaka.

"Ka kira Baba Idrisa," ya ce. "Bayan la'asar."

Kadija ta miƙe ta shige ɗaki, ta bar kifinta yana ƙonewa.

Kafin la'asar rabin unguwar Sarkawa masunta ta hallara a gindin tsamiyar ƙofar gida. Baba Idrisa ya zo da sandarsa, ya zauna gabas. Mumuni ya zauna yamma. Shekara shida ke nan ba su haɗa tabarma ba, ko a zaman makoki. Mashin kansa an fito da shi an jingine a jikin tsamiya, ƙarfen ya yi tsatsa, ba mai ikon goge shi. Mata suka tsaya daga bakin zaure, Kadija a cikinsu.

Alfari ya sa sababbin pil, wato batura, ya zarga zaren. Sau dubu nawa ya yi wannan a gaban taro? A da yana yi yana barkwanci, yana cewa kowa ya riƙe muryarsa kada akwati ya sace. Yau sai ya ɗago ya dubi taron.

"Kafin in kunna, ina da magana."

"Maganarka munka sha shekara shida," in ji Baba Idrisa. "Ta yayana muke so."

"Dole ku ji tawa tukuna."

Ya faɗa. Bai rage komai ba, zaren kaba, sito, wata biyar, wasiƙu tara. Mutumin da aikinsa a da shi ne gyara wa manya magana ta yi daɗin ji, yau ya faɗi tasa tsirara.

Mumuni ne ya fara miƙewa.

"Gyaɗa?"

"Mumuni..."

"Ka ɗora gyaɗa bisa ubana?"

"Kuskure ne."

"Kuskure rana ɗaya ne! Shekara shida fa? Ka san mi munka gani? Ɗiyata ta yi aure, Baba Idrisa bai taka ba. Jikanshi ya rasu, na je gaisuwa anka bar ni tsaye. Kifi na mutuwa a Bangubi don tsufa, mu muna saye a Malanbil. Kai kana can kana cin burodi!"

"Na cancanci duk abin da ka ce."

"Kada ka yi mini Hausar rediyo!"

Maza biyu suka riƙe shi. Baba Idrisa bai motsa ba.

"Yaro," ya ce wa Alfari, "ni ban damu da mashi ba kamar yadda mutane ka zato. Na tsufa, ko an ba ni hannuna bai kai shi nesa. So nike in san ko yayana ya tuna da ni. Shekara arba'in ina riƙe mashi jirgi yana jifa. Wannan kaɗai."

Wannan ta fi zagin Mumuni ciwo. Alfari ya share fuska da hannun riga.

"Baba, jawabin bai cika bandon ba, ina zato. Wataƙila akwai saura a ƙarshe. Wataƙila babu. Ban taɓa ji ba."

"To wuce mana gyaɗar," wani ya ce daga baya.

"A'a," in ji Mumuni, yana huci. "Ba ya taɓa komi. Hannun ga ya isa haka. Mu ji ta duka, mu san abin da ya fi ubana daraja."

Alfari ya danna.

Tafi ya fara fitowa, da kiɗan kalangu. Sai muryar diraktar, da Faransanci, yana jan kowace kalma. Sai wata murya ta biyo, siririya, mai zaƙi, cike da jin kai:

"Jama'a, ku saurara da kyau! Mushe diraktar ya ce yau rana ce ta farin ciki! Ya ce wannan sito naku ne, ƙasa taku ce, gobe taku ce!"

Shi ne. Alfari ɗan shekara ashirin da shida. Ya rufe ido, sai ga ranar ta dawo masa ɗungum: farar rigar da ya goge da kansa, tutoci sababbi, 'yan lakwal, wato yaran makaranta, na waƙa, da yadda ya yarda har zuciyarsa cewa gobe tasu ce. Yana son yaron nan, yana kuma jin kamar ya shiga akwatin ya kwaɗa masa mari.

Diraktar kuwa Allah ya ba shi numfashi. Ya yi maganar iri, ya yi maganar buhu, ya gode wa mutum goma sha da sunayensu. Zaren na raguwa daga wannan gefe yana taruwa a wancan. Kowa ya gane abin da ake kallo ba tare da an faɗa masa ba. Tsofaffi suka matso, ido a kan ɗan abin da ya rage.

"Ya kusa ƙarewa," wata mata ta ce a hankali.

"Yi shiru, Mariyama."

Tafi. Guɗa. Muryar yaron ta ce, "Mun gode, mun gode." Sai ƙas.

Sai shuuu.

Sai zakara ya yi cara a cikin akwatin, wani zakara da aka cinye tun shekara bakwai. Sai tari. Tarin da duk unguwar ta sani.

Mumuni ya zube a kan gwiwoyinsa.

"Baba..."

Muryar ta fito a hankali, da Dandanci, a gajiye, kamar yana zaune a gindin tsamiyar tare da su.

"...to shi ke nan. Wannan shi ne na ba mashin. Na faɗi sunanshi sau ukku, ba ni ƙarawa, na gaji. Wanda bai samu ba kada ya yi fushi da ni, na faɗi dalilina."

Baba Idrisa ya saki sandarsa ta faɗi. Wani ya yi salati. Alfari ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Sunan yana can ƙarƙashin buhunan gyaɗa, sau uku, ya tafi har abada.

Zaren saura kamar kamu biyu. Ya kai hannu zai kashe, Mumuni ya cafke wuyan hannunsa.

Siddo ya sake tari. Sai ya yi 'yar dariyar nan tasa ta ƙasa-ƙasa.

"Shi yaron ga Alfari na yarda da shi, amma ƙarfe ƙarfe ne, yana iya lalacewa. In akwatin ya ci maganata, kada ku wahala. Ku tambayi Kadija. Ga ƙafarta nan ina gani ƙarƙashin zana, tun ɗazu take laɓe, ta ji komi. Ko ba haka ba, 'yar gidan Na'Allah?"

Daga can nesa cikin akwatin, wata muryar mace ta ce, "Kai dai Siddo ba ka da kirki."

Wutsiyar zaren ta fita, ta shiga kaɗawa, fat, fat, fat.

Ba wanda ya kashe. Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin zaure. Matan da ke kusa da ita suka ja baya, suka bar ta tsaye ita kaɗai, hannunta ɗaya dafe da bango.

Mumuni ya saki hannun Alfari. Ya miƙe a hankali.

"Inna," ya ce. "Shekara shida?"

Kadija ba ta kalli ɗan nata ba. Idrisa take kallo, wanda ta ji an faɗi sunansa sau uku.